Mai shirya taro da ya maƙale a tsakiya: me zai koya ya haye sama?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum warahmatullah. Tambayata ga iyayenmu da yayyenmu a sana'ar shirya taruka nan Sakkwato. Akwai matakin da mutum kan kai sai ya tsaya cak. Ya wuce jera kujeru da kafa rumfa, ranar taro ana damƙa masa yara goma ya juya su, ya san masu abinci da masu lasifika da masu janareta. Amma ba shi ke zama da mai taro a yanke farashi ba, kuɗin ba ta hannunsa suke bi ba, in an tashi ba da babban aiki wani ake kira. Shekara huɗu, biyar, yana nan inda yake. Me ya kamata irin wannan mutum ya koya, kuma da wanne zai fara? Satifiket yana da amfani a harkar nan ko ɓarnar kuɗi ce? Ina nufin irin tarukan da muka saba gani: walima, bitar ma'aikatu da ƙungiyoyi, ƙaddamar da littafi, yaye ɗalibai, naɗin sarauta. Allah Ya saka da alheri.

Hajiyar Arkilla:

Wa alaikumussalam, ƙanena. Ka fara da lissafin kuɗi. Maigidanka yana iya faɗin abin da taro zai ci tun ba a kafa turke ko ɗaya ba, kuma a tashi lafiya riba ta fito. Muddin ba ka iya wannan ba, babu wanda zai sakar maka aiki, komai ƙwazonka ranar taro.

Ka buɗe Excel ko Google Sheets, ko a waya ne. Kowane abu da layinsa: sunan abin, adadi, farashin ɗaya, jimilla, wanda zai kawo, nawa aka ba shi, nawa ya rage, ranar cikawa. Sai ka raba kasafin gida biyu. Akwai kuɗin da ba ruwansu da yawan baƙi, kamar hayar zaure, janareta, lasifika da ado. Akwai kuma masu bin kai: abinci, ruwa, kujera, jaka da biro na bita. Amfanin rabawar shi ne, ranar da mai taro ya bugo ya ce baƙi 300 sun koma 420, cikin minti biyar za ka gaya masa abin da zai ƙara, ba sai ka ce bari ka tambayo ba.

Ƙananan abubuwa ne ke cinye riba, don su ake mantawa. Kuɗin dako zuwa da dawowa, masu lodi da sauke kaya, mai gadin daren jajibiri, abincin yaran aiki, ƙanƙara, batirin makirufo, masu shara bayan an watse, da kujerun da za su karye ko su yi ƙafa. Ka rubuta su duka, sannan ka ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana. A ƙasan takardar farashi ka rubuta cewa farashin na kwana bakwai ne ko goma sha huɗu. Kuɗin shinkafa da man gas ba sa jiran wanda ya ɗauki wata biyu yana shawara.

Haraji kuma ya kayar da mutane da yawa a aikin ma'aikatu da ƙungiyoyi. VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki, kashi 7.5 ne tun 2020. In aka rubuta kwangilar naira miliyan 10 har da VAT a ciki, kusan 698,000 ba naka ba ne. Bayan shi akwai harajin da ake zaftarewa tun kafin kuɗin su shigo asusunka. Ka tambayi akawunsu kashi nawa za su cire kafin ka miƙa farashi, kuma ka karɓi takardar shaidar an cire, don tana rage maka harajin ƙarshen shekara. Wanda bai yi wannan tambayar ba zai ga alat ya gaza, ya ɗauka an cuce shi, alhali shi bai yi lissafi ba.

Batun biya: a taron masu zaman kansu ka nemi kusan kashi 70 kafin alƙalami, cikon ya shigo kafin ranar taro ko a safiyarsa. Bin cikon kuɗin biki bayan an kai amarya aiki ne mai zubar da mutunci. Su kuma masu kawo maka kaya, rabi za ka ba su, rabi sai sun sauke kuma ka ƙirga. Aikin gwamnati yana iya jinkirin biya, don haka kada ka ɗauki wanda in an yi wata shida ba a biya ba zai durƙusar da kai.

Komai a rubuce. Ko shafi ɗaya ne, a sa hannu: adadin baƙi, ranar da za a rufe ƙari (kwana uku kafin taro ya wadatar), abin da za a riƙe in an ɗaga ko an fasa, da sunan mutum ɗaya tak da ke da ikon cewa a ƙara ko a rage. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci a biki. Uwar amarya za ta ce a ƙaro rumfa biyu, gwaggo ta ce a canza ado, yayan ango ya ce a kawo gasasshen rago, ranar biya kowa ya ce ba shi ya sa ba. Duk ƙarin da aka nema, ka tura farashinsa ta WhatsApp, ka jira a amsa da "na yarda" kafin ka motsa.

Yadda za ka koya kana ƙarƙashin wani kuwa: duk taron da ya shigo, ka yi naka kasafin a gefe, bayan an gama ka kwatanta da abin da aka kashe da gaske. Ka yi haka sau biyar ko shida. Ranar da tazarar ta ragu ƙasa da kashi 10, ka kai wa maigidanka takardun, ka roƙi ya bar maka ƙaramin taro ɗaya daga ciniki har rufe lissafi.

Baban Runjin Sambo:

Hajiya ta gama magana kan kuɗi, Allah shi biya ta. Ni wuta da zafi zan taɓa, don a garin ga su ka tada taro tsaye. Yaro, ba a ce ka zama injiniya ba, amma in mai janareta ya ce maka "wanga ya isa", ya kamata ka san mi za ka tambaye shi.

Ga lissafin. Ka haɗa ƙarfin duk abin da za a kunna. Misali esi mai tsayuwa na tan uku (tan ma'aunin ƙarfin sanyayawar esi ne) shina jan kusan kilowat 4, guda goma 40 ke nan. Kayan sauti ka ba su 5, fitilu da allon majigi 10. Jimilla 55. Ka raba da 0.8 don ka samu kVA, ma'aunin ƙarfin janareta, ya ba ka kusan 69. Janareta ba a cika mai ciki, kashi 75 na ƙarfinsa ake ɗora mai, sai ka sake rabawa da 0.75 ka samu 92. To mai kVA 100 za ka nema. Dalilin barin sarari biyu ne: kwamfuresan esi shina fizgar wuta ninki uku ko fiye lokacin tashi, sannan daga Maris zuwa Mayu da zafi ka wuce digiri 40, inji ba ya ba da cikakken ƙarfin da anka rubuta a jikinsa. Shi ya sa ake kunna esi ɗaya bayan ɗaya. In anka danna su gaba ɗaya, inji ya shaƙe ya mutu.

Man gas: ka yi lissafin kusan lita 0.3 ga kowane kilowat a awa. Kilowat 55 kusan lita 16 ke nan a awa. Taron awa shida, ka ƙara awa biyu na sanyaya zaure kafin baƙi su iso, awa takwas, lita 130, ka aje jarka guda ko biyu a gefe. Ka duba tanki da idonka da safe. Wutar Kaduna Electric in ta zo alhamdu lillahi, amma babban taro a kan inji ake fara shi a gama shi, don sauyin wuta tsakiyar jawabi shina kashe majigi da na'urar sauti, kuma su ɗauki mintuna kafin su dawo. Taron da gwamna ko Sarkin Musulmi zai halarta, inji biyu ake ajewa, na biyun an riga an haɗa shi an gwada.

Inji mai layi uku, a raba kaya daidai a kan layukan, kuma kayan sauti su samu nasu layi daban da na esi. In sunka haɗu, duk sadda esi ya tashi za ka ji lasifika ta yi gurnani. A kafa ƙarfen as (mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa don kada ta ja mutum) a ƙasa, a zuba mai ruwa in ƙasar ta bushe. A rufe wayoyin da sunka ratsa hanya. Tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iskar CO2 ta zauna kusa da inji, don wutar lantarki ba a kashe ta da ruwa.

Zaure kuma, mai shi zai ce maka shina cin mutum 500. Ka tambaye shi a wane zama. Jerin kujeru zalla, mutum guda na cin kusan murabba'in mita ɗaya har da hanyoyi. Zaman teburi mai zagaye kuwa 1.2 zuwa 1.4. Ke nan zauren 500 a jere ba zai wuce 360 zuwa 420 da tebura ba, kuma ba a cire wurin dandamali da teburin abinci ba tukuna. Teburi mai faɗin ƙafa biyar mutum takwas, mai ƙafa shida mutum goma. Ka riƙa yawo da tef ɗin awo. Kuma ka sani jikin mutum guda a zaune shina fitar da zafi kamar kilob mai wat 100, shi ya sa zauren da ka ji da sanyi babu kowa ka zama tanderu in mutum 300 sun cika shi.

Rumfa a fili: daga ƙarshen Mayu in hadari ya haɗu, iska ka riga ruwa isowa, kuma ƙasarmu rairayi ce, guntun turke ba ya riƙo. A yi amfani da dogon turke a kafa shi a karkace, ko a ɗaure ƙafafu da duro cike da ruwa, lita 200 kilo 200 ke nan. Lokacin hunturu kuma hazo na hana jirgi sauka a filin Sultan Abubakar III, don haka mai gabatar da muƙala da za shi taso daga Abuja ko Legas, a yanka mai tikitin jajibiri, a kama mai ɗaki.

Ɗan Mabera:

Na gode Hajiya, na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Lissafin janaretan nan na kwafe shi. Saura batun satifiket, da kuma tsarin zaman manyan baƙi, don na lura nan ne ake jin tsoron sakar wa yaro aiki.

Malam na Ƙofar Rini:

Dole a ji tsoro, ɗan'uwa. In abinci ya yi ƙaranci za a yi guna-guni a manta. In ka zaunar da basarake a inda bai dace ba, ko aka kira sarautarsa ba daidai ba, maganar za ta kai fada kafin a tashi taron.

Abu na farko, laƙabi. Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III, Mai Alfarma ake ce masa. Sarakunan yanka Mai Martaba, gwamna Mai Girma. Masu sarautun majalisa irin su Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi da Galadiman Gari kowa da matsayinsa, kuma ba aikinka ba ne ka ƙiyasta wa ke gaba da wa. Ka rubuta jerin sunaye da tsarin kujeru, ka kai wa jami'in tsare-tsaren fada da na gidan gwamnati su duba, aƙalla kwana biyu kafin taro. Ka tambaya a fili: in wakili aka turo, a kujerar wa zai zauna, kuma yaya za a gabatar da shi? Ka tanadi kujeru biyu ko uku marasa suna a sahun gaba da katin suna da ba a rubuta komai ba, saboda babban baƙon da zai faɗo ba sanarwa. Mai gabatarwa ka ba shi jerin a buge da manyan haruffa, ka sa mutum ɗaya a ƙofa yana tura masa sunan duk wanda ya iso.

Ga wani ƙaramin abu da ke ba da kunya: an canza taken ƙasa a watan Mayun 2024, an koma na lokacin samun 'yancin kai. Ka saurari abin da ke cikin kwamfutar mai sauti da kunnenka kafin taro.

Abu na biyu, jadawalin aiki. Ajandar da ake raba wa baƙi daban, wannan daban. Shi na ma'aikata ne, minti bayan minti: ƙarfe nawa, me zai faru, wa ke da alhaki, lambar wayarsa, me ake bukata a hannu. Ana gina shi ne a kan lokutan sallah. Taron safe ya kammala ko a yi hutu kafin Azahar, na yamma a san inda La'asar da Magariba za su faɗo, ranar Juma'a kuwa a tashi da wuri. A tanadi butoci, ruwan alwala da tabarmi, da wurin mata daban da ƙofarsu. In ba ka tsara hutun sallah ba, jama'a za su tsara wa kansu, zaure ya zama wayam ana tsakiyar jawabin babban baƙo. Ka kuma yi wa wasu abubuwa alama tun farko, waɗanda za a iya yankewa in manya sun makara, don kada a tsaya ana gardama a bayan dandamali.

Satifiket kuwa ya danganta da inda ka dosa. Mai biki ba zai tambaye ka takarda ba, hoton aikin da ka yi zai nema. Amma jami'a, ma'aikatu, bankuna da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa irin su UNICEF da ke da ofishi a nan, da takarda suke aiki. Kafin komai ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka samu lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin. Ba tare da waɗannan uku ba ko jerin masu kwangilarsu ba za ka shiga ba. Ta fannin karatu, cibiyar gwamnati ta NIHOTOUR na koyar da harkar karɓar baƙi, NIPR kuma ta masu hulɗa da jama'a ce, tana da amfani ga mai son aikin ofis. APPOEMN ƙungiyar masu wannan sana'a ce a Nijeriya, ribarta sanin mutane da ganin yadda ake aiki a manyan birane. Na waje akwai CMP daga Amurka, satifiket na masu shirya taro, mai bukatar kimanin shekara uku na aiki da awa 25 na horo kafin jarabawa, da PMP na sarrafa ayyuka, wanda mai digiri ke bukatar wata 36 na gogewa da awa 35 na horo. Da dala ake biyansu. A ganina PMP ya fi buɗe ƙofa a Arewa, don ma'aikatu da ƙungiyoyi sun san shi, kuma yana aiki ko ka bar harkar taro. Kada dai ka ci bashi dominsa tun ba ka iya abin da Hajiya ta lissafa ba.

Hajiyar Arkilla:

Malam, na yarda da kai, sai dai zan ƙara abin da ya fi satifiket arha: rahoton bayan taro. Shafi biyu kacal. Mutum nawa aka gayyata, nawa suka zo, nawa aka kasafta, nawa aka kashe, me ya lalace da dalilinsa, sai hotuna shida da rasitai a maƙale. Ƙungiyoyi ba sa sakin cikon kuɗi sai da takardar halarta mai sa hannun kowa, kuma sukan nemi farashi daga wurare uku kafin sayen abu. Wanda ya kai waɗannan a tsare cikin kwana uku, shi za a sake kira. Rahoto goma irin wannan a fayil ɗaya su ne za ka ajiye a gaban duk wanda kake neman aiki wurinsa.

Kuma ƙanena, ka zaɓi layi ɗaya ka zurfafa. Bita da taron ƙwararru dabam suke da biki: na farko takarda da kiyaye lokaci yake so, na biyu haƙuri da sanin dangi. Bukukuwa sukan tsaya a Ramadan su yi yawa bayan Sallah, don haka mai shirya biki zalla ya san yadda zai riƙe yaransa a watan da babu aiki.

Baba bai taɓo abinci ba, bari in cike. Ana lissafin kusan giram 150 na ɗanyar shinkafa ga mutum ɗaya, buhu mai kilo 50 ya ciyar da kamar 330. Ka ƙara kashi 15 a kan adadin katin gayyata, direbobi da 'yan rakiya ma baki gare su. Ruwa a bazara, aƙalla gora uku ta rabin lita ga kowane baƙo. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ko cikin kula mai riƙe zafi ba, a zafin Afrilu ma awa ɗaya ne. Shinkafar da aka ƙulle a roba tun ƙarfe tara aka raba ƙarfe biyu ita ke kai mutane asibiti. Ka sa mai abinci ya kawo kashi biyu, na farkon ya iso minti talatin kafin lokacin rabo, na biyun kuma sai ka kira shi.